Hodar Iblis: Aikin Yana Farawa Ne Ranar Da Aka Sallamo Mutum Daga Asibiti

Assalamu alaikum. Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da mu Kanawa muke raɗe-raɗinsa a zaure amma ba ma so a ji shi a bakinmu, wato hodar iblis da yadda ta shigo gidajenmu. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya faɗa cikinta, kuma a hannuna aka yi jinyarsa. Ya yarda in ba da labarin, amma ya roƙe ni kada in kama suna saboda 'ya'yansa suna makaranta, shi ya sa ni ma na sakaya nawa.

In aka ce shaye-shaye a garin nan, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne matashi a kango da tsumman sholisho a hanci, ko masu wiwi a bayan makabarta, ko kwalaben kodin da ake sharewa daga kwata da safe. Kuma da gaskiyarsu. Tun binciken da BBC ta fitar a 2018, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, hankalin kowa ya tafi can. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ta ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye, Kano kaɗai tana da sama da miliyan 1, amma masu hodar iblis a ƙasar gaba ɗaya wajen 92,000 ne. Wanda ya dubi wannan lissafi zai ce ai hoda ƙaramar matsala ce. Ni ban yarda ba. Hoda tana da tsada, don haka gidan da take shiga gida ne mai get da maigadi, kuma irin wannan gida ba ya buɗe wa mai ƙidaya ƙofa ya ce ga ɗanmu nan. Mai shan ta yana sanye da shadda mai maiƙo, yana ƙamshin turare, wataƙila ma a sahun gaba yake ranar Juma'a. Ba za ka tsince shi a kwata ba sai bayan komai ya ƙare.

Kuma kayan suna nan, ba sai an je nesa ba. Ganyen koka da ake yin ta da shi a Kolombiya da Peru da Bolibiya ake noma shi, a biyo da ita ta Brazil zuwa Afirka ta Yamma, daga nan wata ta hau jirgi, wata ta keta sahara zuwa Turai. A watan Satumba na 2022 hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama tan 1.8 na hodar a wani ɗakin ajiya a Ikorodu ta jihar Legas, kamu ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san kayan da ke ratsa gari ba sa ficewa duka, dole wani abu ya tsaya, musamman da yake masu dako sau da yawa da kayan ake biyan su, su kuma sai sun nemi mai saye a gida. Kano kuwa tun zamanin fatake mararraba ce.

Ƙanena yaro ne mai kai. Shi na damƙa wa shagonmu na biyu, shi ke magana da masu aiko mana da kaya daga waje. Abin da muka fara gani mura ce wadda ba ta warkewa. Kullum yana jan hanci, yana murza shi da bayan hannu, wani lokaci a ga ɗigon jini a hankici. Hajiyarmu ta yi ta dafa masa citta da kanumfari tana cewa ƙurar kasuwa ce. Sai kuma wani sabon hali ya zo. Zai shiga banɗaki ya fito idanu a buɗe tar, ya zauna a kan bandiran yadi ya yi ta zuba ba numfashi, yau zai buɗe masaƙa, gobe zai sayi tirela goma, ba ya jin yunwa, ba ya jin barci. Kafin a yi la'asar sai ka ga fuskar ta ɗaure, ko yaron shago ya yi masa sallama sai ya hau shi da faɗa. Akwai ranakun da ba ya fitowa sam, matarsa ta ce yana kwance tun jiya, ya tashi ya cinye tuwon gidan ya koma.

Sai kuɗi suka fara magana. Bandir ya fita babu shi a littafi. Saƙon banki yana shigowa ƙarfe biyun dare, an tura kuɗi zuwa asusun da ban san mai shi ba. Wata rana matarsa ta same ni a ƙofar gida bayan magariba, ta durƙusa, ta ce, "Yaya, ban taɓa kawo ƙararsa ba, amma sarƙata da 'yan kunnena na aure babu su, kuma jiya ya liƙe tagogi da jarida ya ce ana leƙen sa." Tana faɗa tana rufe baki da mayafi don kada maƙwabta su ji kukanta.

Abin da dangi suka kawo na magani, kowa a garin nan ya san shi. Aka ce sammu ne, abokan kasuwa suka yi masa. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya. Aka ce a kai shi Umara ya sha zamzam. Ba na raina ko ɗaya, addu'a takobin mumini ce, kuma har gobe muna yi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya koya mana addu'a shi ne ya ce mu nemi magani. Da ba shi da aure, na tabbata da cewa za a yi a yi masa aure ya nutsu. A nan ina so in tsaya, domin wannan zalunci ne da muke yi da hannunmu. A ɗauki yarinya 'yar shekara sha takwas, ba a gaya wa iyayenta komai ba, a kai ta ɗakin mutumin da ke liƙe taga da tsakar dare, wai ita ce maganinsa. Na ga an yi haka a layinmu, kuma na ga yadda yarinyar ta koma gidansu da goyo da tabo a fuska. Duk waliyyin da ya san ɗansa yana sha ya ɓoye a wajen neman aure, ya ci amana, ko da an yi walima ta gani ta faɗa.

Wani kawunmu kuma ya ce a kai shi gidan mari. Wannan bayan duk mun ga abin da aka fito da shi daga irin waɗannan gidaje a 2019, daga Rigasa ta Kaduna zuwa Daura, mutane da sarƙa a ƙafa da miki a gadon baya. Mari yana hana mutum zuwa wajen dila muddin yana ƙafarsa, amma ba ya taɓa abin da ke cikin kai. Ranar da aka kwance shi, yana fitowa da tsohuwar sha'awarsa, ga sabuwar ƙiyayyar waɗanda suka kai shi. Da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, Hajiya ta ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne, ba za a ce daga gidan nan aka kai wani Dawanau ba." Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a bakin gari, ga sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma kunya ta sa sun fi Legas nisa a wajenmu.

Ciwon ƙirji ne ya raba gardama. Wani dare ya dafe ƙirji yana gumi, zuciya tana bugawa kamar za ta fito, aka kwashe shi zuwa asibiti. Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe ya tambaye ni kai tsaye me yake sha. Ya ce hoda tana matse jijiyoyin jini, tana ɗaga hawan jini, tana iya kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ga saurayi da ko furfura bai fara ba, kuma in an haɗa ta da giya haɗarin ya fi haka. Ya ce abin da ake sayarwa ma ba tsantsarta ba ce, ana cakuɗa ta da abubuwa, har da maganin tsutsar dabbobi. Daga nan aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa, kuma a bakinta na fara fahimtar abin da ke damun ɗan'uwana.

Ta ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda shi ke sa mutum ya ji daɗin abinci, da ciniki, da ganin 'ya'yansa. Allah Ya tsara shi yana fita kaɗan-kaɗan, ya yi aikinsa a mayar da shi. Hoda tana toshe hanyar mayarwar, sai ya taru ya yi ambaliya. Daɗin ba ya wuce minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, mai zuƙar hayaƙinta kuwa minti 5 zuwa 10 ne, shi ya sa ba a yi sau ɗaya a tashi, sai an yi ta maimaitawa har aljihu ya ƙare. Ni da na ji, sai na ga kamar shagon da aka rabar da kayan wata guda a yini ɗaya, gobe a buɗe a tarar da kanta babu komai. Wannan shi ne kwanciyar da yake yi, da baƙin rai, da rashin jin daɗin komai. Kuma ƙwaƙwalwar tana haddace duk abin da ke kewaye da shan: layin da ake bi, muryar aboki a waya, sabbin takardun kuɗi a hannu. Bayan watanni da dainawa, ganin ɗayansu kawai yana iya tayar da sha'awar kamar jiya aka bari.

Sai ta faɗi maganar da nake so kowane mai karatu ya riƙe. Har yau babu wata ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana cire jarabar hodar iblis. Masu tiramol da kodin da hiroyin suna da magunguna irin su metadon da ake riƙe su da shi. Hoda ba ta da irinsa. Abin da likita zai rubuta na barci ne, ko na damuwa, ko na zarge-zargen da ke sa mutum liƙe taga. Saboda haka duk mai mota da lasifika a bakin kasuwa, ko mai talla a rediyo, da ya ce yana da garin da za a zuba wa mutum a kunu ya daina cikin mako guda, kuɗinku kawai zai ci. Maganin da aka gwada aka ga yana aiki shi ne zama da ƙwararre a kai a kai, mutum ya koyi gane abin da ke tayar masa da sha'awa da abin da zai yi kafin ta kayar da shi, da gwajin fitsari, da ba shi lada a duk lokacin da gwajin ya fito da tsabta. Kuma ta ce jinyar da ba ta kai wata 3 ba da wuya ta yi tasiri.

An kwantar da shi, ya yi ƙiba, fuska ta washe, aka sallamo shi. Dangi suka cika gida da barka, aka yanka rago, kowa ya ce alhamdulillahi ya warke. A nan ne mafi yawan gidaje suke sakin igiya, alhali a asibiti ba shi da waya, ba shi da kuɗi, ba dila a bakin get. Gwajin gaskiya yana nan a titin da ya saba bi.

Abin da muka yi bisa shawarar likita ba wani abin mamaki ba ne, sai dai yana cin rai. Ya canza layin waya. Katin banki ya dawo hannuna da yardarsa. Ya koma shago, amma wajen awo da yankan yadi, ba wajen aljihun tebur ba, kuma na san abin ya yi masa ciwo, mutumin da dā shi ke ba yara umarni. Muka sayo kwalin abin gwaji. Wanda bai taɓa gani ba, ɗan tsinke ne na roba da ake tsomawa a fitsari a jira 'yan mintuna, layi biyu alamar babu, layi ɗaya alamar akwai. Da yake galibi hoda ba ta wuce kwana 2 zuwa 4 a fitsari, ba a sa rana, sai dai in ce masa yau ne. Mu biyu muke tsayawa a bayan shago, shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon tsinken, ba mai cewa uffan har layi na biyu ya fito. Duk fitowarsa akwai abin da ke dawo masa: yau makullin babur, wani jiƙon kasonsa na riba, har aka kai ga littafin shago. Matarsa, wadda ta riga ta tafi gidansu, ba mu matsa mata da biko ba. Na gaya wa mahaifinta komai, na ce ita ke da zaɓi. Ta dawo da ƙafarta bayan ta ga kamun ludayinsa.

Watannin farko sun fi kwanciyar asibiti wuya. Ba ya dariya, abinci ba ɗanɗano, 'yarsa ta hau cinyarsa ya zauna kamar dutse. Wani dare ya ce mini, "Yaya, da na mutu a daren nan na ciwon ƙirji da kowa ya huta." Ban kwana ba sai da na kira likitarsa, da safe muka koma. Ina roƙon duk wanda ya ji irin wannan magana daga bakin mai jinya kada ya ce shagwaɓa ce ko neman tausayi. A wannan gaɓar ake rasa mutane.

Kuma ya koma sau ɗaya. Bikin wani tsohon aboki ne, aka yi dina a otal, ya ce zai leƙa ya yi Allah Ya sanya alheri ya fito. Da safe ya zo shago da kansa, bai jira na ciro tsinke ba, ya ce, "Yaya, kada ka ɓata abin gwajinka." Da labari ya kai gida wasu suka ce ai dama mai hali ba ya fasa halinsa, a sallama shi. Hajiya, wadda a dā ta ƙi jin sunan asibiti, ita ta ce a mayar da shi wajen likitarsa yau ɗin nan. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye suna komawa a wani lokaci, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi, kuma ba wanda ke korar mai hawan jini daga gida don awonsa ya hau. Ta zauna da shi suka bi daren tiryan-tiryan, wa ya kira shi, a ina ya zauna, a wane lokaci ya kamata ya tashi. Limamin masallacin layinmu kuma ya tuna mana hadisin da ke cikin Bukhari, na sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi saboda giya, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Haddi an tsayar masa, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Ina mamakin yadda wannan hadisi ba ya yawan fitowa a huɗubobinmu in ana maganar 'yan ƙwaya, sai tsinuwa.

Edita, mu Allah Ya rufa mana asiri, muna da abin biyan likita, ina da shagon da zan ajiye shi a gabana daga safe zuwa yamma. Wanda ba shi da wannan fa? Gwamnati tana da cibiyar gyaran tarbiyya a Kiru, NDLEA tana da wajen ba da shawara da ajiye masu jinya, asibitoci suna kwantarwa. Duk waɗannan na farkon tafiya ne. Abin da garin nan ya rasa shi ne inda mutum zai riƙa zuwa bayan an sallame shi, kusa da gida, ba tare da ya biya kuɗin ganin babban likita ba. Ɗaki ɗaya a kowane babban asibitin jiha, da ma'aikaci ɗaya da aka horar, da kwalin abin gwaji, a buɗe har bayan isha'i don mai kasuwa da ma'aikaci su samu zuwa, ba zai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi da mutunci. Muna so mu gan ta a Fagge da Gwale da Tarauni, ba a takarda kawai ba. Kuma a yi ɗakin mata daban da ma'aikaciya mace, domin ƙididdigar 2018 ɗin nan ta ce cikin kowane mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, kuma mun san gidan da zai iya kai ɗansa namiji asibiti zai kulle 'yarsa a ɗaki har ta lalace.

Akwai kuma tsoro. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar a hannunsa, don haka uba yana ganin in ya buɗe baki ɗansa zai ƙare a kurkuku. Dila a kama shi, a ɗaure shi, ba ni da tausayinsa ko ƙwayar zarra, domin na ga abin da ya yi wa gidanmu. Amma hukumar da Hisba su fito a rediyo su faɗa da Hausa ƙarara cewa wanda ya kawo kansa ko ɗansa neman magani, magani za a ba shi. Hukumar ta buɗe layin kira kyauta tun 2022, 0800 1020 3040, kuma a majalisarmu ta kasuwa da na tambaya ba wanda ya taɓa jin labarinsa.

Sauran kuma namu ne, mu 'yan kasuwa. A Amurka tun 1953 waɗanda suka daina shan ƙwaya suke da ƙungiyar da suke haɗuwa su kaɗai, wanda ya daɗe da bari ya riƙe hannun sabo, ba a rubuta suna, ba a fitar da magana. Ƙanena ya ce abin da ya fi nema a watannin nan shi ne mutum ɗaya da ya taɓa shiga ya fita, domin ni duk son da nake masa ban san yadda abin yake ji ba. Ajin Islamiyya nawa ne ke kulle bayan magariba a birnin nan? Attajiranmu na Kwari da Singa da Kofar Wambai suna gina masallatai, Allah Ya saka musu, amma a cikin yaran shagunansu da 'ya'yan cikinsu akwai masu wannan ciwo, kuma sun sani. In yaro ya je jinya ya dawo, a mayar da shi bakin aiki ko da a nesa da kuɗi ne, domin zaman banza shi ke mayar da su.

Yau ƙanena yana riƙe da shagonsa, yana zuwa ganin likita a kan lokaci, kuma har yanzu akwai kwalin gwaji a aljihun teburina bisa buƙatarsa. Shi da wani da suka haɗu a wajen jinya suna so su fara irin wannan zama. Ina da ɗaki a saman shago da ba na amfani da shi bayan an tashi kasuwa, na ba su. Abin da muke nema shi ne likita ko ma'aikacin jinya mai ilimin abin da zai riƙa leƙa su ko sau ɗaya a wata. Wanda Allah Ya ba ikon haka, ya bi ta hannun Edita, na bar masa yadda za a same ni.

Wassalam.

Daga wani ɗan kasuwa,
Kantin Kwari, Kano.